Likita, Mai Mulki da Malami: Fashin Baƙi Kan Rayuwa a Lokacin Korona

Duk likitan da ya yi aiki a asibiti tsakanin 2020 da 2022 ya san cewa masu fama da korona ba cuta kaɗai suke kawo mana ba. Mutum yakan zo da abin da ya ji daga bakin shugaban ƙasarsa, da abin da limaminsa ko fastonsa ya faɗa, da saƙon da wani ɗan'uwa ya turo masa a WhatsApp, kuma sau da yawa waɗannan ne ke yanke ranar da zai zo asibiti, ko da wuri ko bayan numfashinsa ya riga ya sarƙe. Shi ya sa nake ganin ba za a fahimci abin da ya faru a shekarun nan ba idan aka tsaya a kan ƙwayar cutar kawai. Annoba tana tayar da tambayoyi iri daban-daban, kuma ba mutum ɗaya ne ya cancanci amsa su duka ba. Akwai abin da likita ne ya san shi, akwai wanda sai mai mulki zai yanke, akwai kuma wanda sai addini ke da amsarsa. A ganina, mafi yawan ɓarnar da za a iya kauce wa ta faru ne a duk inda ɗayansu ya sa rigar ɗan'uwansa.

Zan fara da namu ɓangaren, domin a nan ne tushen saɓanin yake. Cutar da ke yaɗuwa ta numfashi tana ƙaruwa ne ninki-ba-ninki: idan adadin masu kamuwa yana ninkuwa duk kwana uku, mutum ɗari za su wuce dubu ɗari cikin wata guda. Sannan akwai tazara tsakanin kamuwa da mutuwa, wadda a korona takan kai mako biyu zuwa uku ko fiye. Ma'anar wannan ita ce, gawarwakin da ake gani yau sakamakon kamuwar da ta faru ne makonni da suka wuce, kuma matakin da aka ɗauka yau ba za a ga amfaninsa ba sai bayan wasu makonnin. Likita yana kallon lissafin yana cewa a yi sauri tun gadaje ba su cika ba, shi kuwa mai mulki yana kallon asibitin da babu kowa a cikinsa yana tambayar dalilin da zai sa ya hana mutane neman abinci. Idan ya saurari likita kuma annobar ta lafa, za a ce dama babu komai, an dai wahalar da mutane a banza. Idan ya jira har aka ga gawa, ya makara. Gaba kura, baya sayaki, kuma wanda bai taɓa riƙe mulki ba bai kamata ya raina wannan tsaka mai wuya ba. Abin da ya faru a Bargamo da ke arewacin Italiya a watan Maris na 2020, inda sai da motocin soja suka kwashe akwatunan gawa zuwa wasu garuruwa, shi ne ya sa gwamnatoci da yawa suka daina jira.

Sai dai ilimin likita shi ma yana tafiya ne yana gyara kansa, kuma jama'a ba su saba ganin ana wannan gyara a bainar jama'a ba. A farkon 2020 hukumomin lafiya da yawa ba su ba mai lafiya shawarar sa takunkumi ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sauya matsayi a watan Afrilu, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a watan Yuni. An ɗauki lokaci ana mai da hankali kan goge ƙofofi da wanke hannu kafin a yarda sosai cewa cutar tana rataye a iskar ɗakin da ba shi da taga. A cikin asibiti ma haka aka yi ta koyo. Mun ga marasa lafiya suna hira da mu alhali iskar oksijin da ke jininsu ta yi ƙasa ƙwarai, mun koyi kwantar da su rub da ciki domin huhu ya buɗe, kuma an rage gaggawar ɗora mutum a kan na'urar taimakon numfashi. Sauya matsayi idan sabuwar hujja ta zo abin yabo ne a wurin mai bincike. Matsalar ita ce an faɗi matsayin farko da murya mai cike da tabbas, ba tare da an ce "wannan ne iyakar saninmu a yau" ba, shi ya sa da aka sauya mutane suka ɗauka ƙarya aka yi musu.

Misalin da ya fi nuna bambancin bincike da hasashe shi ne labarin magunguna biyu. Shugaban Amurka Donald Trump da na Burazil Jair Bolsonaro sun yi ta tallata hydroxychloroquine, ɗan'uwan maganin zazzaɓin cizon sauro, tun kafin a gwada shi yadda ya kamata, har masu ciwon gaɓoɓi da ke dogaro da shi suka rasa shi a kantunan magani. A Ingila kuwa, wani babban gwaji mai suna RECOVERY, wanda jami'ar Oxford ta jagoranta, ya raba dubban marasa lafiya ta hanyar ƙuri'a, ya ba wasu magani ya bar wasu a kan kulawar da aka saba. A farkon Yuni 2020 ya nuna cewa maganin da shugabannin ke yabo ba ya rage mutuwa a tsakanin waɗanda aka kwantar. Kwanaki kaɗan bayan haka ya nuna cewa dexamethasone, wani tsohon magani mai araha da ke kusan kowane asibiti, yana rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku a tsakanin waɗanda ke kan na'urar numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar a tsakanin masu buƙatar oksijin kawai. Babu shugaban da ya taɓa hawa mumbari ya tallata shi kafin wannan gwaji. A Madagaska ma shugaban ƙasa da kansa ya ƙaddamar da wani tsimi na ganyen tazargade a matsayin magani a watan Afrilu na shekarar, kuma wasu ƙasashe sun aika an ɗauko musu, alhali babu gwajin da ya tabbatar da amfaninsa.

Tun daga Wuhan, birnin ƙasar Sin da cutar ta fara ɓulla, aka fara ganin yadda siyasa ke danne maganar likita. Li Wenliang, likitan ido, ya gargaɗi abokan aikinsa a ƙarshen Disamba 2019 game da wata cuta mai kama da SARS (wata cutar numfashi da ta taɓa ɓarkewa a baya), 'yan sanda suka kira shi suka ja masa kunne kan yaɗa jita-jita, sannan cutar ta kashe shi ranar 7 ga Fabrairu 2020. A Burazil ministocin lafiya biyu, dukansu likitoci, sun bar kujera cikin wata guda bayan saɓani da shugaban ƙasa, kuma a Janairu 2021 oksijin ya ƙare a asibitocin birnin Manaus marasa lafiya suna kan gado. Waɗannan a bayyane suke, ba sa buƙatar dogon sharhi.

Abin da ba a cika faɗa ba, musamman mu likitoci, shi ne ɗaya gefen. Gwamnatoci da yawa sun riƙa cewa "kimiyya muke bi", kuma mun ji daɗin wannan magana domin ta ɗaukaka mu. Amma kimiyya ba ta taɓa cewa a rufe makaranta. Abin da za ta iya faɗa shi ne, idan aka rufe, yaɗuwa za ta ragu da kaza. Ba za ta iya auna wannan da shekarar karatun yaro ba, ko da yarinyar da ba za ta sake komawa aji ba, ko da ɗan ƙwadagon da sai ya fita yake samun na ci. A cewar UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ɗalibai sama da biliyan 1.5 ne rufe makarantu ya shafa a lokacin da abin ya kai ƙololuwa a 2020, kuma a Yuganda sai a Janairu 2022 aka sake buɗe makarantu gaba ɗaya, bayan kusan shekara biyu. Wa zai ɗauki asara, tsoho ko yaro, mai albashi ko mai neman na yau da kullum, tambaya ce ta adalci, kuma wanda aka zaɓa ne ya kamata ya amsa ta ya kuma ɗauki alhakinta. Da masu mulki suka ɓuya a bayan farar rigar likita, sun tsere wa bayani, mu kuma muka gaji ƙiyayyar da ba mu da ikon magance dalilinta. Dokar kulle da aka tsara ta a ƙasashen da gwamnati ke iya biyan ma'aikaci yana zaune a gida, aka kwafe ta zuwa ƙasashen da ba su da wannan hali, ba shawara ce ta asibiti kawai ba, ko da likita ne ya karanta ta a talabijin.

Sannan doka tana rayuwa ne da ganin cewa ta hau kan kowa. Ranar 17 ga Afrilu 2021 Sarauniyar Ingila ta zauna ita kaɗai a jana'izar mijinta saboda bin dokar tazara, daga baya aka gano cewa a daren da ya gabata an yi shagali a harabar ofishin firaminista. A shekarar da ta biyo baya 'yan sanda sun ci firaministan, Boris Johnson, tara kan wani taron da ya karya dokar da gwamnatinsa ta kafa. Mutumin da aka hana shi ganin mahaifiyarsa tana cikawa, idan ya ji irin wannan labari, da wuya ya sake sauraron wani jami'i.

A kan addini ne na fi son in daɗe, domin a nan ne aka fi yin kuskuren fahimta daga kowane ɓangare. Akwai masu ganin cewa imani da riga-kafi kishiyoyin juna ne, kuma a cikinsu akwai masu addini da marasa addini. Tarihin Musulunci ya warware wannan tun ƙarni na farko. A lokacin annobar Amwas a ƙasar Sham, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya kama hanya zuwa can, sai labarin annobar ya riske shi a wani wuri da ake kira Sarg. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansar, ra'ayoyi suka rabu, daga ƙarshe ya yanke komawa. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, Umar ya amsa cewa suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Bayan haka Abdurrahman bin Auf ya iso ya ba su labarin hadisin da ya ji, cewa idan aka ji annoba a wata ƙasa kada a shige ta, idan kuma ta ɓarke mutum yana ciki kada ya fita don guje mata. Likitan yau zai kira wannan killace yanki. Abin lura shi ne Abu Ubaida bai bar mutanensa ba, kuma a annobar ya rasu, haka ma Mu'azu bin Jabal bayansa, sai Amru bin Asi ya umarci jama'a su warwatsu cikin duwatsu. Labarin ya ƙunshi mai taka-tsantsan da mai tsayawa tare da marasa lafiya, kuma babu wanda aka zarga da raunin imani a cikinsu. A ɓangaren Kirista, malamin nan na Jamus Martin Luther ya yi rubutu a 1527 lokacin da annoba ta shiga garin Wittenberg, ya ce mutum ya sha magani, ya tsabtace gida, ya kauce wa wurin da ba a buƙatarsa, amma kada ya yi watsi da maƙwabcin da ke buƙatar taimakonsa, kuma shi kansa bai bar garin ba.

Manyan cibiyoyin addini a 2020 galibi wannan hanya suka bi. Saudiyya ta dakatar da Umra tun ƙarshen Fabrairu, kuma Hajjin da mutum kusan miliyan 2.5 suka yi a 2019 ya koma na 'yan ƙalilan mazauna ƙasar, sannan a 2021 aka ƙayyade shi a mutum 60,000. A Kuwait an ji ladani yana cewa a yi salla a gida, lafazin da ya samo asali daga hadisan da suka halatta hakan saboda ruwan sama da sanyi. Fafaroma Francis ya yi addu'a shi kaɗai a dandalin Saint Peter ranar 27 ga Maris 2020. Da allurar riga-kafi ta fito, fadar Vatican ta ce karɓarta halal ne, majalisar malaman Indonesiya ita ma ta ba da fatawar halaccin allurar Sinovac a Janairu 2021. Malaman da suka yi haka ba su zama likitoci ba. Sun tambayi masu sani, sannan suka gina hukunci a kan amsar, kamar yadda ake tambayar likita kafin a ce wa mara lafiya ya ajiye azumi.

Inda aka samu matsala shi ne inda aka mai da addini hujjar musanta abin da ido ke gani. Shugaban Tanzaniya John Magufuli ya daina fitar da alƙaluma tun a tsakiyar 2020, ya ayyana cewa addu'a ta kawar da cutar daga ƙasar, ya kuma ƙi neman allura. Bayan rasuwarsa a Maris 2021, wadda gwamnati ta danganta da ciwon zuciya, wadda ta gaje shi, Samia Suluhu Hassan, ta sauya hanya ta karɓi allurar a gaban jama'a. A lura cewa wannan ɗan siyasa ne ya ari bakin malami ya ci albasa. Haka nan a Indiya, an bar miliyoyin mutane sun taru a bikin Kumbh Mela a Haridwar a Afrilu 2021, ana kuma gangamin zaɓe a wasu jihohi, a daidai lokacin da nau'in Delta ke tasowa, har masu kamuwa suka haura 400,000 a rana a farkon Mayu. Shekara guda kafin nan kuwa, a ƙasar dai, an shafa wa mahalarta taron Tablig na Nizamuddin a Delhi kashin kaji kamar su suka ƙirƙiri cutar, har wata babbar kotu ta ce an mai da su abin ɗora wa laifi ne kawai. Ƙwayar cuta ba ta bambance taron coci a Daegu na Koriya ta Kudu da taron Tablig ko filin ƙwallo; abin da take buƙata shi ne cunkoso da ƙarancin iska. Siyasa ce ke zaɓen taron da za a tsine wa da wanda za a kawar da kai.

Akwai kuma wurin da mu ne muka shiga gonar addini. Dokar hana dangi ziyara ta sa mutane da yawa sun cika ba tare da wanda zai riƙe musu hannu ko ya laƙƙana musu kalmar shahada ba, sai dai ma'aikaciyar jinya ta ɗaga musu waya. A makonnin farko, da babu isassun kayan kariya, ana iya kare wannan doka. Ci gaba da ita bayan an samu kayan ya fi wuyar karewa. Batun gawa ya fi muni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana tun da wuri cewa ana iya binne wanda korona ta kashe, amma Siri Lanka ta tilasta ƙona gawarwaki, har da na Musulmi da Kirista, daga Afrilu 2020 zuwa Fabrairu 2021, bisa zargin gurɓata ruwan ƙasa da ba shi da hujja, kuma sai a 2024 gwamnati ta nemi gafara. Abin takaici shi ne an riga an koyi wannan darasi a annobar Ebola ta 2014 a Afirka ta Yamma: iyalai sun riƙa ɓoye marasa lafiya da gawa har sai da aka zauna da limamai da fastoci aka tsara jana'izar da ta haɗa kariya da mutunci. Mutumin da ke tsoron abin da za a yi wa gawarsa ba zai zo asibiti ba, don haka mutunta mamaci yana cikin aikin kare masu rai. Kuma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban iyali yana gaya musu an yi iya ƙoƙari ya san cewa daga wannan jimla ilimin likita ya ƙare. Abin da ke riƙe su bayan nan shi ne haƙuri da yarda da ƙaddara, da bushara irin ta hadisin da ya ce wanda annoba ta kashe shahidi ne, kuma ban ga wani abu a kantin magani da ke yin wannan aiki ba.

Ƙin allurar riga-kafi ma bai kamata a taƙaita shi da sunan jahilci ba, ko da yake ƙarairayi irin na ɗora wa fasahar 5G laifi ko cewa an sa na'ura a cikin allura ba su da tushe ko kaɗan. Zargi yana samun gindin zama ne a inda aka taɓa cin amana. Baƙaƙen fatar Amurka suna tuna binciken Tuskegee, inda daga 1932 zuwa 1972 aka bar maza masu ciwon tunjere ba magani don a ga yadda cutar ke ci. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 yana cikin abubuwan da aka kafa hujja da su wajen dakatar da allurar shan inna a 2003. A Pakistan, shirin riga-kafin bogi da hukumar leƙen asirin Amurka ta yi amfani da shi wajen neman Usama bin Laden a 2011 ya jefa masu aikin allura cikin haɗari na shekaru. Ba a fafe gora ranar tafiya. Hukumar da ba ta taɓa kawo wa mutane ruwan sha ko maganin zazzaɓi ba, idan ta iso da allura kyauta cikin gaggawa, dole a tambaye ta dalili. Duk da haka hujjar da ta taru a fili take: allurar ta rage kwanciya a asibiti da mutuwa ƙwarai, musamman ga tsofaffi da masu ciwon suga ko hawan jini, ko da yake ba ta hana kamuwa kamar yadda aka zata da farko ba, kuma illolinta masu tsanani, irin su daskarewar jini da aka danganta da allurar AstraZeneca, ba safai suke faruwa ba.

Rabon allurar kansa ya ƙara wa masu zargi ƙarfi. An fara yi wa jama'a a Ingila ranar 8 ga Disamba 2020, amma kashin farko na COVAX, shirin duniya na raba allura ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, bai isa Ghana ba sai ƙarshen Fabrairu 2021, kuma da Indiya ta dakatar da fitar da allura saboda tata annobar, shirin ya yi rauni na watanni, a lokacin da ƙasashe masu arziki suka sayi fiye da buƙatarsu. Indiya da Afirka ta Kudu sun nemi a sassauta haƙƙin mallakar fasahar tun Oktoba 2020, ba a cim ma wata matsaya ba sai Yuni 2022, ita ma ragaggiya. Da masu binciken Afirka ta Kudu da Botswana suka sanar da duniya nau'in Omicron a Nuwamba 2021, tukuicin da suka samu shi ne hana jiragensu sauka a ƙasashe da dama. Duk wata gwamnati da ta ga haka za ta yi tunani sau biyu kafin ta bayyana sabuwar cuta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 14.9 ne suka rasu a 2020 da 2021 sama da adadin da aka saba, kusan ninki uku na miliyan 5.4 da ƙasashe suka ba da rahoto, kuma a cikin lissafin har da waɗanda wasu cututtuka suka kashe saboda asibitoci sun cika ko mutane sun ji tsoron zuwa. Ta janye matakin gaggawa na duniya da ta ayyana kan korona ranar 5 ga Mayu 2023. A Mayu 2025 ƙasashe mambobinta suka amince da yarjejeniyar tunkarar annoba ta gaba, ba tare da Amurka ba, wadda ta riga ta sanar da ficewarta daga hukumar a Janairun shekarar. Sashen da ya fi tsauri a yarjejeniyar, wato yadda ƙasar da ta ba da samfurin ƙwayar cuta za ta samu kaso daga allura da maganin da aka yi da shi, shi ne aka ɗage zuwa wata tattaunawa ta daban.